Hauwa'u Bamalli Biyu Ne

Hamdiyya dai ba ta taɓa auna dantsen yaro ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Aikinta na zaune ne, a wani ɗaki mai fanka ɗaya a unguwar Magajiya, inda ƙungiyar agaji ta kama haya tun da mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa Suleja suna gudun 'yan bindiga. Ma'aikatan lafiya su ne ke shiga rana, su naɗa wa yaro ma'auni a dantse, su ga inda ya tsaya: kore, ruwan ɗorawa, ko ja. Su shigar a waya, ya faɗo kwamfutar Hamdiyya. Ita kuma ta tace, ta fitar da jerin sunayen da ake kai wa teburin rabo duk Talata. Mai ruwan ɗorawa garin kunu yake samu. Mai ja, wanda tamowa ta riga ta kama da gaske, shi ake ba ƙullin gyaɗar nan mai magani, kuma a duba shi duk mako. Wanda babu sunansa a takarda kuwa, ko kukan jini uwarsa za ta yi, sai dai ta koma gida.

Kuma fa ta iya aikin, wannan ba a musu. Abin da ta fi tinƙaho da shi shi ne kama suna biyu. Uwa ta kai yaro a auna a nan, ta zagaya ta kai shi can, ko ma'aikaciya ta danna waya sau biyu, Hamdiyya na gani za ta goge ɗaya. Madam Olufunke, shugabar aikin, har a mitin take yabonta, wai takardar Suleja ta fi ta ko'ina tsabta.

Ranar wata Laraba da hantsi sai ga Anti Luba ta bankaɗo labule, da tsohon littafinta a hammata. Ita ce ma'aikaciyar lafiyar da ta auna yaran Gauraka, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, wadda ba ta yarda da waya ba ko kaɗan. Duk abin da ta danna sai ta sake rubuta shi da biro. Mako biyu ke nan da aka mayar da ita unguwar Wambai, yau ta dawo.

"Ke 'yar kwamfuta, zo nan. Jajayena na Gauraka nawa ne a wurinki?"

"Sannu da zuwa, Anti. Sittin da biyu."

"Sittin da uku na auna da hannun nan nawa. Ina kika kai min ɗaya?"

Hamdiyya ta yi ɗan murmushin nan nata na wadda ta san ta fi ka lissafi. Suka jera littafi da kwamfuta, Anti Luba na karantowa, ita tana bi da yatsa. A kan na talatin da takwas suka tsaya.

"Hauwa'u Bamalli, wata goma sha huɗu, goma da ɗigo takwas, ja."

"Ga ta nan, ai ruwan ɗorawa ce, sha biyu da ɗigo ɗaya. Sau biyu kika shigar da ita, Anti, da safe da kuma yamma. Suna ɗaya, gida ɗaya, wata ɗaya. Sai na bar na ƙarshen."

Anti Luba ta cire tabarau ta dube ta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fara tsorata Hamdiyya, don matar nan ko gaisuwa da ihu take yi.

"Innalillahi. Hamdiyya, dantsen wane yaro ne yake ƙaruwa haka tsakanin safe da yamma? Su biyu ne! 'Ya'yan wa da ƙane ne, wata guda aka haife su bayan rasuwar kakarsu, duk aka sa musu sunanta. Ummi da Jidda ake kiransu a gida. Ko iyayen mata ba sa kama sunan, surukarsu ce fa. Daga katin rigakafi na kwafo. Jidda ce ruwan ɗorawa. Ummi ce ja."

Hamdiyya ta sake duban sunan a kwamfuta. Ita da kanta sunan kakarta gare ta, Hamdiyya laƙabi ne, kuma a danginsu masu sunan sun kai huɗu. Ta san wannan tun tana goye. Amma da ta zauna gaban kwamfuta sai ta ga layi biyu iri ɗaya kawai, ta danna, ta wuce, wataƙila ma tana shan zoɓo a lokacin. Ta duba kwanan watan da ta goge sunan. Kwana goma sha biyar. Talata biyu sun wuce.

"Anti, yaro mai ja, in bai samu komai ba kwana sha biyar..."

"Ɗauki jakarki," in ji Anti Luba.

Suka tari keke napep. Suka hau babban titin Kaduna, tireloli na wucewa suna girgiza su, mai keken na ta zuba labarin tsadar mai ba wanda ya tanka masa. Hamdiyya ta kira lambar gidan su Ummi da ke littafin, a kashe. Ta sake kira har sau shida, kamar kiran ne zai kunna ta. Tsoro take ji tsagwaronsa, kuma addu'ar ma ta kasa haɗa ta, sai "Ya Allah, Ya Allah" kawai take maimaitawa.

Masu gudun hijirar suna zaune ne a wani kango bayan garejin makanikai, an raba ɗakuna da buhuna. Keke na shan kwana Hamdiyya ta hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar kangon, maza sun kai goma zaune jugum, wani dattijo a tsakiya da carbi. Ta ƙi sauka daga keken.

"Anti, zaman makoki ne. Wallahi zaman makoki ne."

"Sauko dai."

Anti Luba ta durƙusa ta gaida dattijon, wanda shi ne Malam Bamalli, kakan yaran. Ta ce, "Baba, lafiya na ga an taru?" Ya ce lafiya lau, motar da ke kwasar su aikin gini ce ba ta zo ba yau. Hamdiyya ta saki numfashi. Kaico, da ta san abin da ke ciki da ba ta yi saurin sakinsa ba.

Tayyiba, uwar Ummi, ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba. Ta tarbe su da fara'a, ta jawo musu kujerar tsuguno, tana ba da haƙurin babu ruwan sanyi. Ta ce ta je teburin rabo Talatar farko, aka ce an riga an ba Hauwa'u Bamalli nata. Ta ce musu waccan 'yar facalarta Sakinatu ce, aka ce takarda ba ta ƙarya. Ta koma Talata ta biyu, wani ma'aikaci ya ce mata in ta sake zuwa cin biyu za a soke gidansu gaba ɗaya. Sai ta haƙura. Sakinatu ce ke raba garin kunun Jidda gida biyu.

"Amma alhamdu lillahi, Malama, kunun ya karɓe ta. Kwana huɗun nan har ta fara ƙiba. Ku duba ƙafarta."

Ta yaye zanen da ta lulluɓe yarinyar. Ummi na kwance, ido a buɗe amma ba ta kallon kowa. Ƙafafun sun yi suntum suna sheƙi, kumatu sun cika, gashin kai ya yi ja ya kwanta. Hamdiyya, da ba ta san komai ba sai lamba, har ta fara jin daɗi. Sai ta ga fuskar Anti Luba.

Anti Luba ta sa manyan yatsunta a bayan ƙafafun biyu, ta danna, ta ƙirga uku a hankali, ta ɗaga. Ramuka biyu suka zauna a wurin kamar an danna tuwo. Suka jira su taso, ba su taso ba. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba.

"'Yata, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Yaushe rabonta da cin abinci?"

"Tun jiya da safe take tura cokali... Anti, mene ne? Ku gaya min mana!"

"Goya ta. A'a, kar ki goya, rungume ta a ƙirji, ki rufe ta da kyau, jikinta ya yi sanyi. Asibiti za mu yanzu-yanzu."

A hanyar komawa hijabin Tayyiba ya sarƙe da ƙarfen keke, ta miƙa wa Hamdiyya yarinyar ta riƙe mata. Nan ne karon farko da ta ɗauki ɗaya daga cikin yaran da take shigarwa da gogewa. Duk da kumburin, ba nauyi. Ta kai kunnenta kusa da ɗan hancin tana sauraren numfashi, yana zuwa, ya ɗauke, sai ta ji zuciyarta za ta fito, sannan ya dawo. A wajen wata mahaɗa suka tarar da cunkoso, tirela ta lalace ta tare rabin hanya. Anti Luba ta sauka da kanta tana dukan bayan motoci tana ihun a ba su hanya, akwai yaro ba lafiya. Yau kam ihun nata ya yi rana.

A ɗakin masu tamowa nas ɗin ta karɓi Ummi ba tare da dogon tambaya ba. Ta taɓa hannu, ta buɗe ido, ta soki ɗan yatsa, ta ɗura mata ruwan sukari. Ta ce yanzu ko gyaɗar ma ba za a ba ta ba, cikinta ba zai ɗauka ba, sai wata madara tsararo, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu. In ta haɗiya, da sauƙi. In ta ƙi, sai an zura mata roba ta hanci. Game da ko za ta tashi kuwa, ta ce kar wanda ya tambaye ta kafin kwana uku.

Tayyiba ta zauna bakin gado da kofi da ƙaramin cokali. Na farko ya zubo ta gefen baki. Na biyu ma haka. Hamdiyya na tsaye tana ƙirga cokulan. A na huɗu maƙogwaron yarinyar ya motsa. Ta haɗiya. Ta sake haɗiya. Anti Luba ta ce "Alhamdu lillahi" a hankali, ta fita kiran Madam Olufunke.

Suka rage su biyu. Tayyiba ba ta ɗago ba, tana goge bakin 'yar da gefen zane.

"Malama, ke da kike ofis ɗinsu, don Allah wai wa ya cire sunanta? Me muka yi masa?"

Hanyar zillewa a buɗe take. Hamdiyya na iya cewa kwamfuta ce, ai kowa haka yake cewa. Amma bakinta ya ƙi.

"Ni ce. Na ga suna ɗaya sau biyu, na ɗauka yarinya ɗaya ce. Ban tambayi kowa ba. Ki yafe min."

Tayyiba ta ɗago ta dube ta. Ba ta zage ta ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ɗan jawo yarinyar jikinta, nesa da inda Hamdiyya ke tsaye, ta sake cika cokali.

"To ki koma ki duba takardarki," ta ce. "Ba mu kaɗai aka kora ba ranar. Akwai uwar wata Aisha, akwai wata mai tagwaye. Ita mai tagwayen tun satin jiya ban ƙara ganinta a famfo ba."

Hamdiyya ba ta buƙaci buɗe kwamfuta ba, don ta rubuta adadin da hannunta a rahoton da aka yaba mata. Suna arba'in da ɗaya ta goge a ranar da ta goge na Ummi. Ta fita da gudu tana kiran Anti Luba ta kawo littafin.