Bindigogi Goma a Daro Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya Baba Magagari yana haɗa bindigogi a masana'antar soja, ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba. Saura wata biyu ya yi ritaya. An yi masa alkawarin rataye hotonsa a ƙofar shiga, in har ya gama ba a ƙi aikinsa ba.

Sai aka kawo sabuwar ƙa'ida. A kwance bindigogi goma, a zuba ƙarafansu cikin daro, a cakuɗa, a ba kowane soja ya mayar. Sufeton da zai yi gwajin kuwa mijin 'yar Baba ne.

Shi Baba ba ya barin ƙarfe yadda inji ya fito da shi. Kowace kunama sai ya goge ta da magagari har ta zauna daram a bindigarta, ita kaɗai.

Wani Saje da aka ba gwajin ya yi minti arba'in a bakin daro, ya haɗa biyu. Ta biyun ma da ya ɗaga ta, kunamar ta faɗo kan takalminsa.

"Wannan ta bindiga mai lamba bakwai ce," in ji Baba. "Kana gani ka cusa ta gidan da ba nata ba."

"Baba, a yi haƙuri, ba a ba da satar amsa," in ji Sufeto, idonsa a kan takarda.

Baba ya ture Saje da gwiwar hannu. Cikin minti tara ya jera goman a kan tebur. Aka fita da su fili, kowacce ta huda tsakiyar allo.

"To, Malam, rubuta."

"Baba, ai aiki ya yi kyau. Sai dai in ta lalace a daji, ba kwa wurin."

"Bindigata ba ta lalacewa."

"In ta lalace fa?"

"Sai a aiko mota."

Sufeto ya daɗe yana hura hatimi kamar wanda shayi ya yi wa zafi. Sannan ya durƙusa kaɗan, ya buga: AN ƘI.

Baba ya karanta, ya goge hannu da tsumma. Ya ce hoton ma dama bai yi kama da shi ba. Daga nan ya tambayi Saje, wanda bai san komai game da gidansu ba, ko ya ji labarin 'yarsa, matar Sufeto, za ta dawo gida ta yi masa wata biyu.