Tsibirai a Bayan Mushe Garzali

Mushe Garzali, wato Malam Garzali a bakin 'yan boko, malamin kimiyya a wata lakol, makarantar da ke kusa da Gazawa, bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne gulbi da damina, shi ma daga kan gada. Amma jarrabawa ta ƙarato, kuma dole ajinsa su san yadda tsibirai irin na Hawai ke jeruwa a tsakiyar teku.

Ya zana a allo, ya sake zanawa. Akwai wuri guda can ƙarƙashin ƙasa mai tsananin zafi, ba ya gusawa. Ɓawon ƙasa ne ke jan jiki a kansa a hankali. Zafin ya huda ɓawon, narkakken dutse ya fito ya taru har ya zama tsibiri, ƙasa ta matsa gaba da shi, sai a huda sabon wuri.

Duk ajin suka rubuta masa cewa wutar ce ke tafiya.

"Mushe, wuta ita ke gudu," in ji Marwa, wadda ta fi kowa baki a ajin. "Mun gani in ana ƙona kara. Gonar babana kuwa tana nan inda kakana ya bar ta."

Garzali ya rantse ba za su kai wannan amsa jarrabawa da sunansa ba. Washegari ya zo da kaskon turaren matarsa Saudatu, da garwashi, da kwali. Darakta Hayatu ya tare shi a bakin aji, don ajin rumfar kara ne.

"Garzali, in ka ƙona mini aji, a gindin bishiyar bedi za ka ƙare shekara."

Sai ya kwashe su zuwa filin ƙwallo. Ya ɗora kwali bisa kasko yana ja a hankali. Kwalin ya kama gaba ɗaya, wutar ta bi shi har yatsunsa.

"Ka gani, Mushe?" in ji Marwa cikin tausayi.

Ya duba hagu, ya duba dama. Babu tabarma, babu buhu. Sai ya tuɓe rigarsa ta shadda, wadda ke zuwa Juma'a da suna da ta'aziyya ita kaɗai, ya tsaya daga shi sai singileti da tumbi. Ya sa ɗalibai biyu suka miƙe ta daf da garwashi.

"Ku tsaya. To, ku ja kaɗan. Ku tsaya."

Tabo ya fito, ya huje. Suka ja, wani ya fito a bayansa, sannan wani, a jere kamar an shuka gero.

"Wa ya taɓa kaskon?"

Marwa ta durƙusa ta leƙa ƙasa, ta taɓa ramin farko da yatsa.

"Wanga ya huce, har bakinsa na marmashewa. Shi ne tsoho." Ta nuna mai hayaƙi. "Wanga ne jariri. Rigar ce ta tafi, Mushe."

"Sake faɗa, na baya ba su ji ba."

Na baya suka faɗa da kansu.

Ya mayar da rigarsa ya hau moto, babur ɗinsa, iska na shiga ta kowane tsibiri. A gida Saudatu ta karɓi kaskonta, ta zagaya bayansa ta daɗe tana kallo.

"Malam, mi ya ci ka?"

"Darasi ne. Sun gane."

"Madalla. Aji nawa suka rage?"

"Biyu."

Ta shiga ɗaki ta kulle akwatin zannuwanta.