Kalmar Sirrin Hajjo

Hajjo ta Kurawa ba ta taɓa faɗin sunan Badaru ba tun da ta haife shi. Ɗan fari ne, ita kuma mace ce mai kunya har ta yi yawa. "Wancan" take ce masa.

Da ya tafi Maraɗi sana'ar walda, sai ƙanwarsa Mardiyya ta buɗe wa uwar shafin Fesbuk a wayar gida, don ta riƙa jin muryarsa tana ganin hotunan jikoki. Mardiyya kuwa gwanar tsokana ce, sai ta sa sunan yayanta ya zama kalmar sirri. Hajjo ta yi ta faɗa, amma ta koyi danna haruffan. Da yake wayar ta kowa ce, kullum sai ta shiga da kanta, in ta gama ta fita.

Wata hantsi tana kaɗa nono waya ta yi ƙara. Wani mutum ne mai zaƙin baki, ya gaishe ta har da tambayar shanu. Ya ce daga kamfanin Fesbuk yake, yau za a rufe shafinta, hotuna da muryoyi duk su tafi, sai in ta faɗi kalmar sirri.

Hajjo ta ajiye maburgi. Ta buɗe baki, harshe ya ƙi.

"Sunan wancan na," ta ce.

"Wancan wa, Hajiya?"

"Babban yaron nan dai. Ka san shi ai."

Ɓarawon Allah bai san shi ba. Ya lallaɓa, ya yi barazana, Hajjo na ta gumi. Daga ƙarshe ta ce, "Tsaya, za ni kiran ɗiyata ta hwaɗa maka."

Mardiyya ta baro tsakar gida hannu duk gari, ta karɓi wayar, ta saurara kaɗan, ta kashe wayar.

"Inna, macuci na! Babu kamfanin da ka tambayar kalmar sirri. Da kin ba shi, ya kwashe shahinki, ya riƙa roƙon dangi da sunanki."

Hajjo ta zauna daɓas, tana hamdala. Mardiyya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta nutsu ta ce laifinta ne ita ma. Duk Kurawa an san sunan Badaru, mai neman ɓarna zai iya cinkarsa. Dole a sake kalma, doguwa, mai lambobi a ciki.

"A cire sunan?" in ji Hajjo.

"A cire mana."

Hajjo ta koma tana juya maburgi a ƙwarya. Can ta ce a hankali, ba tare da ta ɗago ba, "Nan kaɗai nika kiran shi."

Dariyar Mardiyya ta tsaya. Tausayin uwarta ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"To bar shi, Inna. Ki ƙara mishi wasu kalmomi da lambobi, waɗanda ko ni ban sani ba."

Ta nuna mata inda ake sakewa, ta miƙa mata wayar. Hajjo ta goge hannu a zane, ta juya wa 'yarta baya, ta fara dannawa da yatsa ɗaya, leɓɓanta na motsi.