Kofi na Huɗu

Tun da Agali ya yi ritaya daga koyarwa a Iferwan, danginsa ne suka gaji dokokinsa. Daren zubar taurari a kwanta rigingine a kan yashi, kai da kai, kowa ya tsare kusurwarsa ta sama. Wanda ya ga tauraro ya gilma sai ya kira sunan kusurwar, Agali ya jefa ƙwallon dabino a kofin shayinta. Awa guda cur ba a kunna ko ashana, don ido in ya sha haske sai ya daɗe bai dawo ba. Bara ƙungiyar masu kallon taurari ta Yamai ta mayar masa da takardar lissafinsa saboda an haska tocila. Bana ya rantse za ta shiga.

Matarsa Tekna ta ɗauki gabas, taubashinsa Bazo yamma, shi kudu. Arewa ta ƙaninsa ce, wanda aka binne da damina, kuma a nan ba a ambaton sunan mamaci. Sabo ne ya sa Agali ya jera kofi huɗu.

"Yamma!" in ji Bazo.

"Tauraro ne ko sauro ya wuce ta idonka?"

"Kai dai jefa, tsohon alli."

Sai aka ce, "Arewa." A hankali, da ɗan tarin nan na mamacin.

Hannun Agali ya riga hankalinsa. Ƙwallo ya yi ƙara a gilashi.

"Malam," Bazo ya ce, "in kai ne, ban yafe ba."

Tekna ta laluba tocila, Agali ya riƙe mata hannu. "Agogo bai buga ba."

"Arewa," aka sake cewa, dab da kunnensa.

Haka aka ci gaba. Da agogon ya buga suka haska, yashin arewa sumul, ko sawun ƙwaro babu. Ƙwallo talatin da ɗaya a kofin. Mai arewa ya fi kowa, kamar kullum.

Da safe takarda ta nemi sunan mai lura da kowace kusurwa.

"Sa nawa," in ji Bazo.

"Kai da ko raƙumi ba ka gani da rana?"

Agali ya daɗe riƙe da biro, sannan ya bar gurbin fayau ya aika.

Bayan wata biyu takardar ta dawo. Lissafin arewa, in ji Yamai, shi ne mafi inganci da suka samu bana, amma mai shi bai sa hannu ba. A gaya masa baɗi ya kula.