Kabarin Lassa a Bakin Ruwa

Duk ranar Alhamis mutanen ƙauyenmu sukan nufi maƙabarta, kowa ya tsaya kan nasa, kowane kabari da farin furen mazarmund a kansa. Ni kuwa sai in zauna gida da shayin gishirina har ya huce. Mijina Lassa ba shi da kabari. Tafkin Wular ya haɗiye shi ranar wata iska, ya dawo mini da kwalekwale kawai.

Da abin ya ishe ni, na roƙo saiwar mazarmund na dasa a bakin ruwa, inda yake ɗaure kwalekwalensa. Ta ruɓe. Na sake, ta sake ruɓewa.

Maƙwabciyata Fazi ta ce, "Ke Mugli, furen nan busasshiyar ƙasa yake so, ba laka ba."

Na ce, "To je ki gaya wa tafkin ya ƙafe mana, uwar sani!"

Amma gaskiyarta ce, abin haushi. Sai na shiga fadama har gwiwa, na tono kirishim, ɗan'uwan mazarmund mai son jiƙa, wanda ake yanka a tufka igiya. Na dasa shi a wurin, ya kama kuwa. Da sanyi ya wuce ya fitar da fure shuɗi. Ban gaya wa kowa ba. Alhamis ta yi, na je na tsaya ni kaɗai, na yi addu'a, na yi kukana son raina.

Wata safiya na tarar an yanke shi tas. Ga Subhan, ƙanin mijina, zaune yana murza igiya a cinya.

"Kai Subhan! Allah ya isa! Wa ya aike ka?"

"Haba Yaya, a kan ciyawa? Ga ta nan cike da fadama."

"Ciyawa? Kabarin yayanka ka aske, sakarai!"

Hannunsa ya tsaya. Ya dubi kututturen, ya dubi ruwa. Wallahi sai a lokacin na tuna shi ma ba shi da inda zai tsaya.

Alhamis ta zagayo. Na je, ko ganye ɗaya babu, sai kututture cikin laka. Na soma addu'a ke nan na ji taku a bayana. Subhan ne, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga hannu.

Ban kula shi ba, don ban huce ba. Amma na ɗan matsa masa wuri.