Jini a Cikin Roba

"To ki faɗa wa duniya! Ki hau kabukabu ki zagaya kasuwar Yelwa kina shela!" in ji Likita Bashir.

Sista Zulai'atu ko gezau. Shekara ashirin da shida tana wannan asibiti, ta ga likitoci sabbin yaye iri-iri, masu kuka da masu cika baki. Ta dangwara 'yar roba mai jan murfi kan tebur.

"Ba shela na zo ba, ɗana. Tambaya ce. Mace na kwance dasashinta na zubar jini, mi za mu ba ta?"

Ga yadda abin ya faru. Da hantsi aka kawo Alhaji Hamza mai fataucin kifi, wai maciji ya sare shi a bakin ruwa. 'Yan rakiya sun fi goma, kowa na ihu kamar shi aka sara. To, gwajin sara ba wuya gare shi ba: a ɗebi jinin mutum, a zuba a kwalba mai tsabta, a ajiye minti ashirin. In ya daskare, a ci gaba da sa ido. In ya tsaya ruwa tsululu, dafi ya shiga jini, sai allura. Sista ta miƙo wa Likita tsofaffin kwalaben allura da take dafawa tana adanawa don wannan aiki. Likita ya yatsine fuska, wai shi ba a koya masa aiki da kayan bola ba. Ya ɓare sabuwar roba fil daga leda. Ta ce masa jini ba ya daskarewa da wuri a roba, ko na mai lafiya ne. Ya ce Sista, a bar wa likita aikinsa.

Jini bai daskare ba. Ya juye wa Alhaji maganin dafi kwalba biyu, su ke nan suka rage a firij. Alhaji kuwa ko kumburi babu, kafin azahar yana zaune yana gaisawa da tuwon shinkafa.

Sai ga Loveth, matar wani manomi daga wajen Shanga, an goyo ta a babur. Kububuwa ta sare ta tana ɗaure dawa, har mijin ya zo da gawar macijiyar a buhu. Ƙafa ta yi suntum. Jininta a kwalbar Sista, minti talatin yana nan kamar zoɓo.

Bashir ya zauna, gumi na bin wuyan farar rigarsa. Wannan zance na roba ya karanta shi a littafi, ya ma ci jarrabawa da shi. Ya kira wurare huɗu a waya neman maganin dafi, wuri ɗaya kawai aka ce akwai, shi ma tafiyar awa uku ce.

"Sai mu ce wa mijin magani ya ƙare," ya ce a hankali. "Ai ba ƙarya ba ce."

"Awo, ya ƙare. Wa ya ƙarar?"

Aka yi sallama a bakin ƙofa. Mijin Loveth ne, Baƙo sunansa, hularsa a hannu, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, na ce ko an manta da allurar ne? Yanzu ta tofar da jini."

Bashir ya dubi Sista, Sista ta dubi silin. Da dai ya ga ba mai ɗauke masa, ya faɗi komai, har zancen robar. Ya ce zai nemo mota, zai bi su da kansa zuwa inda ake da maganin, a sa mata ƙarin ruwa a hanya.

Baƙo ya miƙe tsaye sosai, ashe dogo ne.

"Ta ƙofar mai maganin maciji muka wuce da ita. Innata ta riƙe babur tana roƙona in tsaya, na ce a'a, asibiti. Yanzu can zan mai da ta."

"Don Allah, Malam Baƙo, in ya tsaga ƙafar nan jinin ba zai tsaya ba! Ka ba ni awa uku!"

"Ai ka riga ka ba mai kifi."

Ya juya ya fita, ya maka ƙofar har kalandar bango ta faɗo.