Takalmin da Yaya Lurwanu Ya Zaɓa

"Makas nawa?" in ji mai shagon, yana tambayar lambar takalmi karo na biyu.

Yaya Lurwanu ya zura hannu a aljihun jallabiyarsa ya zaro wani farin zare mai ƙulli biyu, ya shimfiɗa shi a kan kanta ya danne da yatsa.

"Daga wannan ƙullin zuwa wannan," ya ce da Larabci.

Mai shagon ya dubi zaren, ya dube ni. Ni ma zaren nake kallo. Abin da na sani kawai shi ne maƙwabcina na shekara da shekaru a unguwar Jurf ta Madina ya buga mini ƙofa bayan la'asar ya ce in kai shi Aziziya sayen takalmi, don likita ya hana shi tuƙi tun da zuciyarsa ta fara yi masa gardama. Na ɗauka takalmin zuwa masallaci ne. Sai ga mu a shagon kekuna, tayoyi na reto a kan kawunanmu.

"Yaya," na ce da Hausa, "kai da ba ka hawa benen gidanka sai ka huta a hanya, keke za ka hau?"

"Na Sundus ne," ya ce, bai ko juyo ba. "Kuma idan ka gaya wa kowa, ban yafe ba."

Duk layinmu an san labarin. Sundus ita ce 'yarsa tilo, tana aiki a wani kantin magani, tana zaune da mijinta. Shekarun baya ta shiga ƙungiyar wasu mata masu hawa keke a kan duwatsun bayan gari. Wata rana wani mai kaifin baki ya nuna hotonsu a waya a majalisarmu, Yaya Lurwanu ya kalla ya ce, "Ni ba ni da 'ya a cikin waɗannan." Maganar ta riga shi isa gida. Tun daga ranar, Sundus takan zo duk Juma'a wajen mahaifiyarta, ta sumbaci goshin uban, ya ce "Lafiya," ta wuce ciki. Iyakarta ke nan.

"A ina ka samo awon?" na tambaye shi.

"Ba a bakin ƙofa take cire takalminta ba?"

Haka iyayenmu suke saya mana takalmin salla muna yara, a auna ƙafa da zare a tafi kasuwa. Ban taɓa zaton zan sake ganin wannan a Madina ba, balle a shagon da ake biya da waya.

Mai shagon ya ɗora zaren a kan ma'auni, ya ƙara kaɗan, ya sauko da kwalaye. Daga nan kaina ya fara juyawa. Ya ce akwai na titi, akwai na dutse. Na titi ramuka uku ne a tafinsa, inda ake ɗaura wani ƙarfe da yake fitowa waje, mutum yana tafiya da shi kamar agwagwa. Na dutse ramuka biyu ne, ƙarfen yana ɓuya a tsakanin roba. A wannan ƙarfen ne takalmin yake kama feda, ƙafa da keke su zama abu ɗaya.

"Tsaya," na ce. "Ɗaure ƙafar mutum ake yi da keken? A kan dutse?"

"Don kada ta zame, ya ammi," in ji mai shagon, yana kirana baffa da Larabci.

"To idan keken ya faɗi fa?"

Yaya Lurwanu ya ɗaga mini hannu. Ya ce watan jiya ya ga Sundus tana ɗingishi, ya ji ta bayan labule tana gaya wa uwarta cewa ƙafarta ce ta zame daga feda, ƙarfe ya yanke mata ƙwauri. Sauran matan duk suna da irin wannan takalmin, ita ce ba ta saya ba.

"Tunda ba bari za ta yi ba," ya ce, "gara ƙafar ta daina zamewa."

Wallahi ban gane ba. Mutumin da ya ce ba shi da 'ya saboda keke, shi ne yanzu yake lanƙwasa tafin takalmi da hannu biyu yana tambaya ko wannan taurin ba zai sa mata ciwon ƙafa ba. Mai shagon ya ce mai tauri ya fi gudu. Yaya Lurwanu ya ajiye shi, ya ɗauki wani baƙi mai kaurin roba, ya ce idan keken ya lalace a daji ai da ƙafa za ta dawo. Ya ƙi mai igiya, wai igiya za ta shiga sarƙa. Sannan ya zo kan abin da ya fi damunsa.

"Ta yaya ƙafar take fita?"

Mai shagon ya ɗora takalmin a kan wata feda ya danna, muka ji ƙas. Ya murɗa dunduniyar waje, takalmin ya saki. Ya ce ƙarfen iri biyu ne, akwai wanda sai an murɗa sosai, akwai na 'yan koyo wanda ko ta ina aka fizga yake saki.

"Sa mini mai saurin saki."

"Idan ta daɗe tana hawa ba za ta so shi ba."

"Ba ita ce ta zo saye ba," in ji Yaya Lurwanu.

Ya haɗa da fedar da ta dace. A mota ya rungume kwalin a cinya, ya ce ranar Juma'a zai ajiye mata shi a bakin ƙofa, kusa da takalminta, ba sai ya ce komai ba. Na ce masa ai magana ɗaya ta fi wannan wahalar sauƙi. Ya ce in kula da titi.

Bai kai Juma'ar ba. Ranar Laraba da hantsi yana zaune a kujerar roba a ƙofar gidansa, yana yi wa mai kawo gas faɗa a kan ya toshe hanya, sai ya yi shiru. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, inda mahaifinsa ya tako tun daga Kano don a binne shi. Na yi kuka fiye da yadda na zata, ni da kullum muke musu da shi a kan wurin ajiye mota.

Kwanakin zaman makoki na yi su tsakanin kujeru da butocin gahawa. Kwalin yana raina, amma ban san yadda zan yi da shi ba. Marigayin ya ce kada in gaya wa kowa. To alkawari da mamaci yana mutuwa ne tare da shi, ko ƙara nauyi yake yi? Na ce bari baƙi su watse tukuna.

Da suka watse na yi sallama a ƙofar, matarsa Hajiya Zenabu ta amsa daga bayan labule. Na yi mata ta'aziyya, na yi kame-kame, sannan na ce ko ta ga wani kwali.

Ta sassauta murya, ta kira ni da alkunyata. "Ashe kai ma ka san da shi, Abu Saif? Don Allah ka rufa masa asiri. Takalmin 'yan keke ne, da ƙarfe a ƙasa, ya ɓoye a bayan rigunansa. Tsoho da ciwon zuciya. Ashe kansa ya fara taɓuwa ban lura ba."

"Yana ina yanzu?"

"Na haɗa da kayansa na bayar sadaka jiya. Mu a gidanmu kayan mamaci ba sa wuce uku."

Ta ce mutanen gonar dabinon da ke kawo musu ruɗabi, ɗanyen dabino, daga unguwar Awali ta ba. Ta cusa takalmin a tsakiyar ƙunshin don kada 'yan uwansa su gani su yi da shi. Na tsaya ina kallon labulen. Zan iya riƙe alkawari, amma ba zan iya barin matarsa ta zauna takaba tana zaton mijinta ya zare ba.

"Hajiya, ba nasa ba ne. Na Sundus ne. Ni na kai shi ya saya."

Labulen ya motsa. Ashe Sundus tana tsaye a bayan uwarta.

"Ammi Hamid," ta kira ni da sunana na yanka da Larabci, kamar yadda yaran nan suke yi ko da Hausa ka yi musu, "me ka ce?"

Na maimaita. Hajiya ta fara salati, sannan ta ce ita fa da sunansa ta bayar, kuma ba a komawa a karɓo sadaka. Sundus ta ɗauki makullin motarta.

Ina gaba tana bina har Awali. Muka bi ta tsakanin dogayen katangu, muka shiga gonar. Mai kula da ita ba ya nan, sai matarsa Aminat, mutuniyar Cadi, tana ban ruwa da fartanya a hannu. Ba sai na tambaya ba, takalmin yana ƙafarta, laka har wuyansa. Ta ce bai shiga ƙafar mijinta ba, ita kuwa ya yi mata daidai, ba ya santsi, sai dai ta rasa amfanin ƙarfen nan na ƙasa.

Na yi mata bayani, na ruɗe a tsakiya, na sake farowa. Aminat ta jingine fartanya ta cire takalmin nan take.

"Ki ɗauka, 'yar uwa. Ni ban sani ba."

"Sadakar Baba ce," in ji Sundus. "Idan na karɓa, ladansa fa?"

Suka juyo suna kallona, kamar ni ne malamin. Na ce ban sani ba, kuma gaskiyata na faɗa.

"Bari dai in gwada," in ji Sundus.

Ta zauna a bakin magudanar ruwa ta cire nata, ta zura ƙafa a cikin na lakar. Ya zauna mata cif. Ta ɗago ƙafa ɗaya ta kankare tafin da yatsa, ta daɗe tana duban ƙarfen, sai ta yi wata gajeriyar dariya.

"Wannan ai na 'yan koyo ne. Mai shagon bai gaya masa ba?"

"Ya gaya masa. Ya ce shi dai wanda ya fi saurin sakin ƙafarki yake so."

Ta sauke ƙafar a hankali. Ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba a jin sautinta. Ni na rasa inda zan sa idona.

Ruwa ya cika gindin dabinon da ke gabanmu ya fara malala kan hanya. Aminat ta ɗan jira, ta dubi takalmin a ƙafar Sundus, ta dubi ruwan. Sannan ta ɗauki fartanyarta ta taka laka da ƙafa tsirara, ta je ta buɗe wa dabino na gaba.